Ranar da Aka Zo Aron Mijina

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake horar da ƙungiyar ƙwallon garinmu a Kaura Namoda, an taɓa shafa mana kashin kajin da na ɗauka ba zai taɓa wankuwa ba. Jiya ina shara na ɗaga kai na ga kwanon rufin ɗakinmu ya fara tsatsa ta gefe, sai labarin ya dawo mini ɗanye. Na ce bari in zauna in ba ku, tunda yanzu ina iya ba da shi ba tare da hawaye sun hana ni ƙarasawa ba.

Zan fara da gaskiya: ni ba na son ƙwallo, ban kuma taɓa so ba. Malamar firamare ce ni, na auri malamin motsa jiki na sakandare, ban san har da buhun ƙwallaye da rigunan samari masu warin gumi a cikin kayan ango ba. Igiyar shanyata ba ta taɓa zama tawa ni kaɗai ba. In na shanya zane ɗaya, to rigunan wasa sun cinye sauran wurin. A gari sunana ya ɓace, kowa matar koci yake ce mini, har ɗalibaina. Ni ma da tsiya na koma kiransa Koci, shi kuma yana ce mini Malama.

Yana da wata al'ada da ban ji wani koci na yi ba. Kun san halin da hanyoyinmu suka shiga, musamman in za a yi Shinkafi ko Zurmi. Mutum in ya fita, gida ba a samun natsuwa sai an ji muryarsa. Samarin nan kuwa, duk da wasunsu har sun tara gemu, 'ya'yan mutane ne. Don haka duk lokacin da za a je wasa wani gari, sai maigidana ya hau babur ɗinsa ya bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya aike, ba ya bugun waya. Zai yi sallama da uba, ya durƙusa a zaure, ya ce, “Baba, na zaka aron ɗanka.” In an dawo kuma ba ya barin kowa ya sauka a tasha ya kama gabansa. Sai ya kai shi har ƙofa, ya jira uban ya fito, ya ce, “Ga amanakka na maido.” Wanda ba shi da uba, a yi wa uwa sallama daga bakin ƙofa. Akwai 'yan garin Kasuwar Daji a cikinsu, akwai golansu ɗan Zurmi, duk sai ya je.

Uban golan nan limamin wata unguwa ne a Zurmi, dattijo mai kaifin harshe wanda bai ɗauki ƙwallo a bakin komai ba. Sai da maigidana ya yi ta sintiri kafin ya yarda ɗansa ya tsaya a raga. Ko bayan ya yarda ma, kowane zuwa sai ya zaunar da shi ya yi masa wa'azi a kan ƙattin da ke bin fata a guje da gajeren wando, in ya gama sannan ya sa a kawo masa fura. Maigidana yana tsoronsa, yana kuma ƙaunarsa, don tun yana ƙarami ya rasa nasa uban. In ya dawo daga Zurmi sai ya yi ta kwaikwayon muryar Liman yana dariya shi kaɗai.

Wannan al'ada ita ta haɗa mu faɗan da ya fi kowanne daɗewa a aurenmu. Ina da tsohon cikin 'yarmu ta fari suka tafi wasa Galadi. Da za su dawo aka ce musu an ji harbi a hanya, dole suka kwana a Shinkafi. Ni kuwa naƙuda ta taso mini da asuba. Suka iso Kaura lafiya da hantsi, aka tare shi a tasha aka ce matarka tana asibiti. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya tambaya wa ke tare da ni, aka ce mahaifiyata da ƙanwarsa. Sai ya ce to, ya ci gaba da rabon 'ya'yan mutane, har Zurmi. Ko da ya shigo asibiti bayan la'asar, fuska duk ƙura, an riga an yi wa jaririya wanka, ta yi barci har ta farka. Ya miƙo hannu zai ɗauke ta, na juya masa baya.

Ya ce, “Malama, yi haƙuri. Iyayensu ba su runtsa ba jiya. Ke kuwa na san kina hannun Inna.”

Na ce, “Kowa kana bi gida-gida kana aron ɗanai. Ni hwa? Wa ya taɓa zakuwa ya ce in ba da aronka? Ɗaukakka kawai akai.”

Ni kuwa na samu makami. Shekaru ina jan maganar nan. Ko gardamar gishiri a miya muke yi, in na ga zai yi nasara sai in ce, “Ai dama kai na haihu kana Zurmi.” Nan take zai yi shiru. Wani lokaci ba don raina na ɓace nake faɗa ba, don dai na san tana aiki ne. Amma can ƙasan zuciyata abin yana yi mini ciwo da gaske.

Ana nan, mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar mini saniya da 'yan awaki. Ɗakinmu kuwa in damina ta sauka sai mun jera robobi da tukwane muna taren ruwa. Na sa aka kai dabbobin Kasuwar Daji aka sayar, muka sa sabon kwano. Ni da son a gani, na zaɓi mai sheƙi, wanda in rana ta take ana hango shi daga bakin titi. Duk wadda ta shigo gidan sai na san yadda na karkato da hira ta kai ga kwano.

Ba a daɗe ba magana ta fashe. Wani babban kulob daga kudu ya ɗauki ɗan wasan gabanmu, aka ce an biya ƙungiya kuɗi masu kauri. Ga kuma gudummawar da masu hali na gari suke bayarwa. Amma 'yan wasa ba su ga alawus ba, takalmansu duk ɗinki, bas ɗin da suke tafiya da ita sai an tura take tashi. Wani ya kai ƙara, masu shirya gasar suka kafa kwamiti, aka dakatar da ciyaman ɗin ƙungiya da ma'aji. Maigidana ba ruwansa da harkar kuɗi, shi dai fili da usur. Sai dai akwai hoton da aka ɗauka ranar miƙa yaron: ga ciyaman, ga baƙi, ga maigidana a tsakiya ya washe baki kamar shi aka saya. Hoton ya shiga wayoyi. Mutane suka dubi hoto, suka ɗaga kai suka dubi kwanonmu.

A gidan suna na fara jin abin da kunnena. Ina zaune da kwanon shinkafa a gabana, wata mata da muke gaisawa tun muna amare ta ce, “Su matar koci manya. An ce yanzu ko ruwan ƙanƙara anka yi ba ku sani. Kwanon ƙwallo ke nan!” Aka kwashe da dariya. Na aje cokali na fara bayanin saniyar mahaifiyata, har da launinta da ƙahonta guda da ya karye. Ina ƙara bayani suna ƙara murmushi suna haɗa ido. Na tashi ko sallama ban yi ba, mayafina ma a baibai na yafa.

Na isa gida ina huci. Na ce wa maigidana gobe-goben nan zan sa a nemo dillalin da ya sayar da saniyar, a zagaya da shi majalisa-majalisa ya faɗa da bakinsa.

Ya ce, “Bari, Malama. In kin kawo dillali cewa za a yi mun saye shi. Wanda ya san mu ya san mu.”

Na ce, “To ina su? Ni ban ga wanda ya san mu ba yau.”

Akwai abin da ban gaya muku ba. A daidai lokacin wani kulob na babban birni ya yi masa maganar aikin mataimakin koci. Burinsa ke nan tun yana saurayi, ni ma har na fara tunanin irin labulen da zan saka a sabon gida. Ana cikin wannan surutu suka bugo masa waya, ina gefe ina tsince wake. Suka ce sun ga hoto, sun ji magana, a dakata tukuna sai ƙura ta lafa. Na ji yana cewa, “Ba komi, na gode, na gode ƙwarai.” Ya kashe wayar ya daɗe yana kallonta a hannunsa. Daga ranar ya daina zama wurin mai shayi. In an idar da salla shi ne na farkon fita daga masallaci. Mutumin da in yana dariya maƙwabta ke tambayar me aka samu, ya koma magana ƙasa-ƙasa a cikin gidansa. Tuwon da yake cinyewa ya nemi ƙari, sai in ɗauke kwanon da rabi. Na ji tausayinsa irin wanda ban taɓa ji ba.

Wasa ɗaya ya rage musu a gasar, a Shinkafi. Kwamiti ya ce a je a buga, bincike na tafiya. In ba su je ba za a cire ƙungiyar, kuma kowa ya san in aka cire ta ta mutu ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne abin da gari zai ce: koci ya ci, ya gudu. Wannan sunan ne zai bi shi har kabari, ya bi 'ya'yanmu makaranta. Wani ɗan kasuwa mai son ƙwallo ya ce zai zuba wa bas mai. Abin da ya rage kawai shi ne zagayen aron 'ya'ya.

Ana saura kwana kaɗan ya sa rigarsa mai kyau, ya tada babur ya fita. Ban gama wanke-wanke ba sai ga shi ya dawo. Gidan farko ya je, gidan uban kyaftin ɗinsu, mutumin da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Ya yi sallama, aka amsa daga ciki aka ce maigidan ba ya nan. Ga takalminsa a bakin zaure, ga tarinsa ana ji ta kan katanga. Maigidana ya tsaya jim, ya ce a gaishe shi in ya dawo, ya juyo gida.

Ya cire usur daga wuyansa ya rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa. Ya ce, “Malama, na gama. Da wane ido za ni dibi mutum in ce shi ba ni ɗanai, shi kuwa shina ganin na ci gumin yaron?”

Ku ji ikon Allah. Ni da na yi shekaru ina addu'ar ranar da zai rataye usur ɗin nan in huta da wanki, sai ga ni durƙushe ina roƙonsa ya mayar da shi wuya.

Na ce, “Haba Koci, gida guda hwa kaj je. Sauran hwa? Ka tahi Zurmi mana.”

Ya girgiza kai ya ce, “Wanga na iya ɗauka. In Liman ya yi min haka, ba ni iya tashi.”

Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi, bai motsa ba. 'Yan wasa suna ta bugo waya bai ɗauka ba. Ni dai ban san abin da ya sa ba, ana gobe wasa na ɗebo rigunan nan na wanke su tas, na shanya a bayan ɗaki inda ba zai gani ba, na ninke na zuba a buhu. In kun tambaye ni dalili ba ni da shi. Hannuna ne ya saba.

Ranar wasa da hantsi yana zaune a tsakar gida yana kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau, ni ina wanki. Sai muka ji ƙarar babura a ƙofar gida, da sallamar da ta fi ƙarfin zaurenmu. Maigidana ya saki abin da ke hannunsa. Muryar Liman ce. Ya miƙe ya fita, ni kuma, Allah ya yafe mini, na bi bayansa da kumfa a hannu na laɓe a bayan ƙyaure.

Ta kafar ƙyauren na hango zaure cike da dattawa, samari kuma a waje suna leƙe. Ashe tun da sassafe tsohon nan ya shigo motar Zurmi da ɗansa, ya sauka a Kaura, ya sa golan ya nuna masa gidajen abokan wasansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. 'Yan Kasuwar Daji kuma ya sa aka buga wa iyayensu waya. Zagayen da maigidana ya kasa yi, shi ya yi masa. Ba duka suka biyo shi ba. Mai takalmi a bakin zaure bai zo ba, da wasu. Amma waɗanda suka zo sun isa a buga wasa, da ƙyar.

Maigidana ya zube yana gaisuwa. Liman bai amsa ba. Ya ce, “Shekaranjiya na sa anka shimhiɗa tabarma, anka dama hura. Na zamna ina jiranka har hurar tat tsinke. Jiya ma haka. Mi na yi maka?”

“Allah gafarta Malam, ba ka yi min komi ba. Kunya ta hana ni.”

“Kunyar mi? Ka ci?”

Ni a bayan ƙyaure na ƙara kasa kunne.

“Wallahi, Malam, ban ci ba.”

“Ban ce ka rantse ba. In da ina shakka, ba ni biyo wagga hanya da tsuhwana.” Ya gyara zama, ya juya ga sauran dattawan. “Ku saurara in gaya muku. Shekarar da sunka kwana Shinkahi, ni da uwar yaron ga ba mu runtsa ba. Washegari da rana sai ga wanga bawan Allah da ɗana har ƙohwa. Na ce zamna ka sha ruwa, ya ce a'a, shina sauri, iyali ba lahiya. Bai ce min komi ba bayan haka. Sai daga baya nij ji ashe haihuwa matatai ta yi, ɗiyar hwari, bai ko gan ta ba.” Ya juyo ga maigidana. “Shekara nawa ina ba ka ɗa kana maido min? Yau za a ce min ka ci kuɗɗin takalmi? Kuɗɗi sun hi ɗa?”

Wani dattijo ya ce, “Gaskiya ta, Malam.” Wani ya ce shi ma ranar har ƙofa aka kai masa nasa.

Ranar nan ce fa. Ranar da na yi shekaru ina goranta masa, ita ce tsohon nan ya ɗauko daga Zurmi ya shimfiɗa a zaurenmu a matsayin shaida.

Maigidana ya sunkuyar da kai yana hawaye. Can ya share fuska da hularsa, ya ce da muryar da ba ta fita sosai, “To, iyayena, na zaka aron...”

Liman ya ɗaga hannu. “Dakata. Yau ba kai ka aro ba.” Sai ya ɗaga murya ya fuskanci ƙofar cikin gida. “Ɗiyata! Na san kina nan bayan ƙyaure, ga ƙahwakki nan ina gani.”

Zaure ya ɗauki dariya, har samarin waje. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja ƙafata baya, kamar hakan zai gyara wani abu, na durƙusa na gaishe shi.

Ya amsa, sannan ya ce, “Ɗiyata, kullum shi ka bin gidajenmu. Yau mu munka zaka gidanki. Ki ba mu aron mijinki zuwa Shinkahi. In Allah ya yarda, gobe mu maido maki shi.”

Har yau ban san ko wani ya taɓa kai masa maganar da na yi a gadon asibiti ba. Maigidana ya rantse bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni dai na san hawaye suka ɓalle mini, na sa hannu zan share, na manta da kumfa, sabulu ya shiga idona. Ga kuka, ga yaji, ga dattawa suna jiran amsa. Da ƙyar na tattaro murya na ce, “Na ba ku, Baba. Allah shi kiyaye hanya.”

Na koma ciki na zaro usur daga ƙusa, na jawo buhun riguna, na turo su ta bakin ƙofa. Maigidana ya buɗe buhun ya ga riguna a wanke a ninke. Ya dubi ƙyauren da nake bayansa, ya rataya usur a wuya.

Liman ya ce tunda shi ya karɓi aro, dole ya bi abin da ya ara. Haka ya shiga bas tare da su, mutumin da bai taɓa taka filin ƙwallo ba. Ni ban je ba, amma labarin ya riga su isowa. An ce ya zauna a gefen fili ya ɗan juya baya yana jan carbi, ba ya ko kallo. Sai ana dab da tashi aka ba 'yan Shinkafi fenariti, ɗansa ya yi tsalle ya cafke. Wai sai ga Liman a tsaye yana kabbara, rawani ya warware har ƙasa. Har ya koma ga Allah bai amsa ya yi haka ba, cewa yake cinnaka ne ya cije shi. Aka tashi canjaras, kuma hakan ya ishe su zama a gasar.

Suka kwana a can saboda hanya. Washegari na yi girki kamar na salla. Na san sai ya gama rabon 'ya'yan mutane kafin in gan shi, kuma karon farko a rayuwata jiran bai ɓata mini rai ba. Ina zaune ina lissafa gidajen da yake bi a zuciyata, ina jin daɗi.

Bayan azahar na ji sallama. Wannan karon ban laɓe ba, na sa mayafi na tsaya a bakin ƙofa sosai. Su uku ne: Liman, golan, da maigidana. Sun gama da 'yan Kaura da na Kasuwar Daji, saura Zurmi, kuma gardama suke yi. Maigidana yana cewa bai kai yaro ƙofar gidansu ba tukuna, Liman yana cewa ai ga uban nan a tsaye, a miƙa masa a nan. Da ya ga tsohon ba zai saki ba, sai ya durƙusa ya kama hannun golan ya ce, “Malam, ga amanakka na maido.”

Liman ya ce, “Na amsa, Allah shi yi albarka.” Sannan ya kama hannun maigidana, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya jawo shi har bakin ƙofa. Ya ce, “Ɗiyata, ga amanakki. Duba da kyau, ko ƙwarzane babu.”

Na ce na amsa.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Kwamiti ya ɗauki watanni, da ya gama ya ɗora laifi a kan waɗanda suka riƙe kuɗi. Sunan maigidana bai fito ba ko kaɗan, ba a ce ya ci ba, ba a kuma tsaya an ce bai ci ba. Aikin babban birni aka ba wani, ba su sake kira ba. Na san abin ya yi masa ciwo, don wani lokaci in ana nuna wasan kulob ɗin sai ya tashi ya ce zai duba awaki, alhali ba mu da awaki. Mai takalmi a bakin zaure ya zo daga baya da 'yan kame-kamensa, maigidana ya tare shi da fara'a kamar ba a yi komai ba. Ni sai da na ɗauki lokaci kafin in daina ba matarsa gaisuwar bakin hanci. Har yau akwai masu ce wa rufinmu kwanon ƙwallo, yanzu har ni nakan faɗa.

Abin da ya zauna mini shi ne, na so in wanke mijina da dillalin shanu, ashe ya riga ya wanke kansa tun shekaru, ƙofa-ƙofa, a ranakun da nake zaune ina jin haushinsa. Maganar asibiti kuwa na daina jan ta. To, na ɗan taɓa ta sau ɗaya ko biyu, amma ta daina aiki, don da na fara sai mu duka mu kama dariya.

Yanzu gwiwa ta fara damunsa, gemu ya yi fari, amma yana nan da usur ɗinsa, yana kuma nan da zagayensa. Abu ɗaya ya canza. Tun daga waccan tafiya, gidan farko da yake yi wa sallama shi ne nasa. Zai sa hularsa ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Malama, na zaka aro.” Ni kuma in ɗan ja aji, in ce sai na yi shawara, sannan in ce a maido mini shi yadda na bayar.

Liman ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Maigidana yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari, ya dawo gida ya yi kukan da bai samu yi wa mahaifinsa ba. Tun daga nan babu wanda ya sake kamo hannunsa ya kawo mini shi bakin ƙofa. Amma duk ranar da suka yi tafiya, in na ji babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar gida, sai in bar abin da nake yi in saurara. Kafin ya yi sallama, muryar tsohon nan nake fara ji yana cewa in duba da kyau, ko ƙwarzane babu. Ni kuma sai na fito na duba.